Amsa Ga Ɗalibar Da Aka Mayar Wa Babi Na Biyu: Karatun Mujallar Ilimi Da Cin Moriyar Laburare

Tambaya ta zo daga wata ɗaliba da ke digiri na biyu a fannin noma a Samaru, tana bincike a kan ƙuduji a gonar dawa. Malamin da ke duba aikinta ya dawo mata da babi na biyu, ya rubuta a kai cewa madogararta duk daga shafukan intanet ne da tsofaffin kundayen ɗalibai, ta je ta karanta mujallu, ta kuma shiga laburare. Tana son sanin abin da ya ɗaukaka mujalla a kan sauran rubuce-rubuce, da yadda ake karanta maƙala har a amfana, da yadda ake bambance mujallar kirki da ta bogi. Ta kuma tambaya ko akwai sauran abin da laburare zai ba wanda ke da waya da data.

Malama, malaminki gata ya yi miki, domin gara a dawo da babin yanzu da a tsayar da ke a kansa ranar kare kundi. Abin da yake nema a wurinki ba baƙo ba ne a garin nan na Zariya. A zaurukan ilimi na cikin birni, irin na Unguwar Kona da Unguwar Juma, idan mutum ya kawo mas'ala akan tambaye shi a wane littafi ya gani, a wane babi, kuma a hannun wa ya karanta. Binciken boko ma a kan isnadi yake tsaye. Duk maganar da kika rubuta a kundinki, dole mai karatu ya iya bin sawunta har zuwa mutumin da ya shiga gona ya auna da hannunsa. Mujallar ilimi ita ce wurin da wannan mutumin yake faɗin abin da ya yi da bakinsa.

Mujallu irin waɗannan sun fara fitowa ne a 1665, ɗaya a Faris, ɗaya a Landan, kuma ta Landan ɗin, Philosophical Transactions, har yau tana fitowa. Aikinsu uku ne. Suna rubuta ranar da aka kawo aiki domin a san wanda ya riga wani, suna adana shi da lambar fitowa da ta shafi yadda za a same shi bayan shekara hamsin, sannan a zamanin nan suna tura shi ga masu tantancewa kafin a buga. Edita yakan aika maƙala ga masana biyu ko uku na fannin, galibi marubucin bai san ko su waye ba, su karanta su ce a karɓa, ko a gyara, ko a mayar. Abin yakan ɗauki watanni, wani lokaci ya haura shekara. Shafin intanet da kika ɗebo magana daga ciki babu wanda ya yi masa wannan dubawar, kuma gobe mai shi yana iya sauya rubutun ko ya goge shi.

Sai dai kada ki ɗauki tantancewa a matsayin hatimin gaskiya. Masu tantancewa takarda suke karantawa, ba su je gonar ba, ba su ƙirga tsiron ba. A 1998 mujallar The Lancet, wadda tana cikin manya a likitanci, ta buga maƙalar Andrew Wakefield da ta alaƙanta allurar rigakafin ƙyanda da wata larurar yara, kuma sai a 2010 ta janye ta bayan an tabbatar da maguɗin da ke ciki. Shekara goma sha biyu ke nan maganar tana yawo da sunan babbar mujalla a kanta. Saboda haka mai bincike na ƙwarai da kansa yake auna maƙala, kuma wannan aunawar ita ce ainihin abin da ake koya a digiri na biyu.

Ba a karanta maƙala daga farko zuwa ƙarshe kamar labari. A zaman farko minti biyar zuwa goma ya isa: take, shekara, tsakure, kanun sassa, sai sakin layi na ƙarshe na gabatarwa inda marubuci yakan faɗi manufarsa. Daga nan za ki yanke hukunci ko ta shafe ki. Cikin maƙalu goma da kika buɗe, ba mamaki uku ne kawai za su tsallake wannan matakin, kuma hakan daidai ne. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su tsaya a tsakure su ɗauki jimla ɗaya su saka a babi. Tsakure kalmomi ne 200 zuwa 300 da marubuci ya zaɓi mafi kyawun abin da ya samu ya jera. Sharuɗɗan da suka ɗaure sakamakon ba sa samun gurbi a wurin.

Maƙalar da ta tsallake, ki wuce kai tsaye zuwa sashen hanyoyin bincike, tun kafin ki karanta abin da marubucin ya ce ya gano. A nan ya kamata ki daɗe. A fanninki tambayoyin a bayyane suke. A tukunya aka yi gwajin cikin ɗakin raino, ko a fili? Sakamakon tukunya yana nuna hanya, amma ba ya gaya miki abin da manomin Giwa ko Soba zai girba. Damina nawa aka yi, a wuri nawa? Gwajin damina ɗaya a wuri ɗaya yana iya zama labarin ruwan saman wannan shekarar kaɗai. Sau nawa aka maimaita kowane gwaji a cikin filin? Uku ko huɗu shi ne abin da aka saba. Idan babu maimaici, babu hanyar raba tasirin magani da bambancin ƙasa. Ga ƙuduji kuwa akwai tambayar da ta fi duka: zuba irinsa aka yi da gangan daidai wa daida a kowane fegi, ko kuwa an dogara da wanda ke cikin ƙasa tun asali? Irin ƙuduji ƙanana ne kamar ƙura, yana iya shafe fiye da shekara goma a cikin ƙasa da ransa, kuma ba ya bazuwa daidai a gona. Wani gefen ya cika, wani gefen babu. Fegin da ya faɗa inda babu iri zai fito kamar maganin ya yi aiki alhali dace ne kawai. Ki duba kuma a mako na nawa bayan shuka aka ƙirga tsiron, da adadin takin da aka sa, tunda ƙuduji ya fi ta'adi a ƙasar da ta gaji. Maƙalu biyu da suka saɓa wa juna, sau da yawa dalilin saɓanin yana kwance a waɗannan layukan.

Daga nan sai jadawali da zane. Ki karanta alƙaluman da idonki, ki rubuta a takardarki abin da kika fahimta, sannan ki koma ki ga ko marubucin ya faɗi abin da ya wuce su. Ki lura da ƙananan haruffan da ke gefen alƙaluma, a, b, ab: biyu da suka yi tarayya a harafi ɗaya, lissafi bai tabbatar da bambanci tsakaninsu ba, ko da ɗaya ya fi ɗaya girma a ido. Idan an ba da LSD, wato mafi ƙarancin tazarar da lissafi ke yarda da ita a matsayin bambanci, a ƙasan jadawali, duk tazarar da ba ta kai wannan adadin ba ba a gina magana a kanta. Ki kuma mayar da ma'aunin zuwa abin da hankali ke kamawa. Tan ɗaya a hekta buhu goma ne mai kilo 100. Ƙarin kilo 60 a hekta yana iya tabbata a lissafi, amma bai cika buhu ba, kuma manomi zai tambaye ki ko ya biya kuɗin maganin. Sashen tattaunawa shi ne na ƙarshe da za ki karanta, domin a nan marubuci ke faɗin ra'ayinsa, kuma ra'ayi ana iya karɓa ana iya bari. Mai binciken lafiya ko ilimi ko zamantakewa, tambayoyinsa su ne mutum nawa aka tambaya, yaya aka zaɓo su, nawa suka ƙi amsawa, kuma da wane harshe aka yi tambayar.

Kada ki rufe maƙala ba ki rubuta komai ba. Ki buɗe jadawali a kwamfuta ko a babban littafin rubutu, kowace maƙala layi ɗaya: marubuci da shekara, wurin gwaji, irin dawar da aka shuka, abin da aka gwada, yawan damina, babban sakamako da alƙalumansa, rauninta a ganinki, da lambar shafi. Duk jimlar da kika kwafa kalma da kalma ki sa mata alamar zance nan take. Sau da yawa satar fasahar da manhajar bincike ke kamawa a kundayen ɗalibai daga nan take farawa, mutum ya kwafa a watan Maris, ya zo rubutu a watan Satumba ya ɗauka maganarsa ce. Idan layukan suka kai talatin ko arba'in, za ki ga babi na biyu ya fara tsara kansa. Maimakon jerin "wane ya ce, wane ma ya ce", za ki rubuta a kan mas'ala: abin da aka samu game da irin dawa mai juriya, abin da aka samu game da taki, game da haɗa dawa da wake ko waken suya, inda masana suka yi ittifaƙi, inda suka saɓa, da gurbin da ba a taɓa ba. Wannan gurbin shi ne hujjar aikinki. Ki sa manhajar Zotero, kyauta ce, ta riƙe miki manazarta ta jera su a tsarin rubuta manazarta na APA ko wanda sashenku ke bi, amma ki riƙa duba abin da ta ɗauko, domin takan juya sunayen Hausawa ta mayar da sunan uba na yanka.

Game da tsofaffin kundaye, malaminki bai hana ki buɗe su ba. Kundi yana nuna miki hanya, musamman shafukan manazarta na ƙarshe. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ki ɗauki madogara daga kundin wani ki rubuta kamar kin ga asalin. Ta haka kuskure ke gadon kuskure: wani ya rubuta 1987 a maimakon 1978, ɗalibai biyar su bi shi, har a wayi gari ana jingina wa masani maganar da bai taɓa yi ba. Ka'idar ita ce kada ki ambaci abin da idonki bai gani ba, in kuwa asalin ya gagara samuwa, ki faɗa a fili cewa a wurin wane kika gani. Wannan ka'idar ta ƙara nauyi yanzu da manhajojin hira masu ƙirƙirar rubutu suke iya ba ki sunan marubuci da take da shekara da lambar shafi na maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba. Gwajin mai sauƙi ne. Yawancin maƙalun zamani suna da lambar DOI, wadda ke farawa da 10 da ɗigo. Ki saka ta a doi.org. Idan ba ta kai ki ga maƙalar ba, ko ta kai ki ga wata daban, kuma neman taken a Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen ilimi, bai fito da komai ba, ki cire ta.

Shi kansa neman yana da dabara. Rumbun bayanai bai san ƙuduji ko wuta-wuta ba, sunan kimiyya ya sani. Na dawa da gero da masara shi ne Striga hermonthica, na wake kuma Striga gesnerioides, kuma haɗa su a babi ɗaya ba tare da bambancewa ba kuskure ne da mai jarrabawa ba zai bari ya wuce ba. Ki sa sunan cikin alamar zance domin a nemo kalmomin a manne, ki haɗa da AND idan kina son taƙaitawa, da OR idan kina son faɗaɗawa. Tsofaffin rubuce-rubucen Arewa sukan kira dawa guinea corn, sababbi kuma sorghum, don haka wanda ya nemi ɗaya kaɗai ya yi asarar rabin tarihin fannin. 'Yan sashen tarihi sun fi kowa sanin wannan matsalar. Sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana zuwa da rubutu iri-iri, Usman dan Fodio, Uthman b. Fudi da sauransu. Garin nan ma wani ya rubuta Zaria, wani Zazzau, wani Zegzeg. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith ya buga ayyukansa na farko da sunan H.F.C. Smith, kuma shi daban ne da M.G. Smith wanda ya rubuta littafin sarautar Zazzau a 1960. Ɗalibai da dama sun cakuɗa su.

Idan kika samu maƙala ɗaya mai kyau, ki yi amfani da ita ta fuska biyu. Manazartarta za su kai ki baya ga waɗanda ta dogara da su. Maɓallin da ke ƙarƙashinta a Google Scholar mai nuna waɗanda suka ambace ta zai kai ki gaba ga waɗanda suka zo bayanta, har da masu sukarta. Ki fara da maƙalar bita, wato wadda ta tattaro binciken shekaru ta auna, domin ita ce taswirar fanni. Alamar cewa kin kusa ƙoshi ita ce ki fara ganin sunaye iri ɗaya suna dawowa duk inda kika juya.

Sai kuma bangon kuɗi, inda za ki ga an ce ki biya dala talatin ko arba'in kafin ki karanta shafi goma. Kada ki biya tukuna, a nan ne laburare ke shigowa. Akwai shirin Research4Life da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa tare da mawallafa domin cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi: HINARI na lafiya tun 2002, AGORA na noma tun 2003, OARE na muhalli tun 2006, sai ARDI na fasaha da GOALI na shari'a. Ba a yi wa mutum ɗaya rajista, cibiya ake yi wa, kuma mabuɗin yana hannun ma'aikacin laburare. Haka rumbun mujallu na JSTOR, wanda ya fi amfanar masu tarihi da harshe da zamantakewa, ko da yake sau da yawa fitowar shekarun baya-bayan nan ba ta cikinsa. Abin da jami'a ke da shi yana sauyawa daga shekara zuwa shekara gwargwadon kuɗin da aka samu, saboda haka ki je sashen kwamfuta na laburare ki tambayi abin da ke aiki a wannan zangon. Wasu rumbunan ba sa buɗewa sai a kan intanet ɗin makaranta. In an ba ki mabuɗi, amana ce. Watsa shi a zauren WhatsApp, ko sauke ɗaruruwan maƙalu a zama ɗaya, yana iya sa a rufe wa jami'a gaba ɗaya. Akwai kuma ƙofofin da ba sa buƙatar mabuɗi: AJOL, wanda tun 1998 yake tattara mujallun Afirka, da DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta, da PubMed Central na likitanci, da ƙaramar manhajar Unpaywall mai nemo halastaccen kwafin kyauta. In duk sun gaza, adireshin marubuci yana shafin farko. Gajeriyar wasiƙa mai ladabi, da sunanki da jami'arki da taken maƙalar, tana yawan samun amsa, domin babu masanin da ba ya son a karanta aikinsa.

Amma abin da ya sa na fi matsa miki ki taka da ƙafarki shi ne, babban kaso na ilimin da aka samar a kan ƙasar nan bai taɓa hawa intanet ba. Tun kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ake binciken noma a Samaru, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona, wato IAR, wadda ke fitar da irin dawa na SAMSORG da na masara SAMMAZ da na wake SAMPEA, tana da laburarenta. A can ne rahotannin shekara-shekara suke, da rahotannin tarukan tsarin noma, da jerin takardun Samaru Miscellaneous Papers, inda binciken David Norman kan tattalin arzikin manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi ya fito. Mai aiki a kan ƙuduji a wannan yankin da bai buɗe waɗannan ba yana iya shafe damina biyu yana maimaita gwajin da aka yi aka gama tun kafin a haife shi, a fili mai nisan 'yan mintuna daga ajinsa. Laburaren Kashim Ibrahim shi ne uwa, mai shari'a da mulki yana da Laburaren Shugaba Kennedy a Kongo, mai kiwo yana da na NAPRI a Shika, likitoci suna da nasu. Mai tarihi yana da rubuce-rubucen Larabci da ajami da Shirin Binciken Tarihin Arewa ya tattara, sannan Gidan Arewa da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa suna Kaduna. Kundayen digiri da yawa an ɗora su a rumbun jami'a na intanet mai suna Kubanni, amma tsofaffin sai a kanta. Idan za ki je laburaren wata cibiya, ki karɓi wasiƙar gabatarwa daga sashenku ko daga laburarenku, ki tafi da katin shaida.

In kin shiga, ki fara da katalogi, ki kwafi lambar littafin gaba ɗaya, haruffa da alƙaluma. Tsarin da laburarorin jami'o'inmu suka fi bi shi ne na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka: S noma, SB shuke-shuke da cututtukansu da ciyayi, SF kiwo, R likitanci, K shari'a, L ilimi, BP Musulunci, DT515 tarihin Najeriya, harshen Hausa kuma a cikin PL. Da yake littattafan mas'ala ɗaya a jere suke, ki duba na dama da na hagu da wanda kika zo nema. Sau da yawa maƙwabcin ya fi shi amfani. Mujallu suna da sashensu, sababbin fitowa a buɗe, tsofaffi an ɗinke su shekara-shekara cikin bango mai kauri. Su da kundaye da littattafan duba-ka-ajiye ba a fita da su. Idan an yarda ki ɗauki hoto ko ki yi fotokwafi, ki fara da bangon da ke ɗauke da sunan mujalla da lambar fitowa da shekara, in ba haka ba za ki koma gida da shafuka masu kyau da ba ki san daga ina suke ba. Za ki tarar da giɓi, wasu shekarun babu su saboda lokutan da kuɗin saye ya yanke, wasu kuma an yage shafi. Wanda ya yage shafi ya zalunci duk ɗalibin da zai zo bayansa, kuma tsohuwar fitowa ba a sake samunta a kasuwa. Kada kuma ki mayar da littafi kanta da kanki in ba ki tabbatar da gurbinsa ba, domin littafin da aka sa a gurbin da ba nasa ba daidai yake da wanda ya ɓace. Ma'aikacin sashen tambayoyi karatun wannan aikin ya yi. Ki je masa da takenki a rubuce da kalmomin da kika riga kika gwada, matambayi ba ya ɓata.

Saura batun daraja. Za ki ji malamai suna maganar ma'aunin tasiri, wanda Eugene Garfield ya ƙirƙiro, kamfanin Clarivate kuma ke fitarwa duk shekara. Lissafinsa shi ne, a ce mujalla ta buga maƙalu 100 a shekaru biyu da suka wuce, a bana aka ambace su sau 250, to ma'auninta 2.5. Scopus, rumbun bayanan mujallu da kamfanin Elsevier ya buɗe a 2004, yana da nasa ma'aunin, kuma daga bayanansa ake raba mujallun kowane fanni gida huɗu, Q1 zuwa Q4. Na mutum ɗaya kuma akwai lambar h da Jorge Hirsch ya kawo a 2005: mai lamba 10 yana da maƙalu 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10. Kwamitocin ƙarin girma suna kallon waɗannan, don haka dole ki san su. Amma ma'aunin mujalla matsakaici ne, 'yan maƙalu kaɗan ne ke jawo mafi yawan ambato, ragowar suna cin albarkacinsu. Ba a kuma kwatanta fanni da fanni, domin masu likitanci sun fi masu lissafi ko tarihi yawan ambaton juna nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa a 2012 masana suka fitar da sanarwar San Francisco, wadda ake kira DORA, suna kira da a daina auna mutum da sunan mujallar da ya buga a ciki. A ganina wannan ya fi shafar mu. Mujallar sashe da ake bugawa a Zariya ko Kano ko Sakkwato, musamman wadda ake rubutawa da Hausa, ba za ki same ta a Scopus ba, amma kuma a cikinta ne kaɗai za a samu nazarin karin harshen Zazzau ko waƙoƙin fadarta. Irin wannan mujallar da awo ɗaya ake auna ta da ta Ingila, wato a buɗe maƙalar a duba hanyar bincikenta.

Mujallar bogi kuwa sana'arta karɓar kuɗi ta buga duk abin da aka kawo. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya tura maƙalar ƙarya mai kurakurai a fili ga mujallu 304, kuma 157 suka karɓa. Biyan kuɗin bugu shi kaɗai ba laifi ba ne, manyan mujallun da ake karantawa kyauta ma suna karɓa, wasunsu kuma suna yafe wa marubutan ƙasashe irin namu in an nema. Alamomin bogi su ne wasiƙar gayyata mai yawan kirari da ta zo miki ba ki nema ba, alkawarin bugawa cikin kwana uku ko mako ɗaya, mujalla ɗaya da ke buga noma da shari'a da injiniyanci a fitowa guda, ma'aunin tasiri daga wata hukuma da ba a san ta ba, da editocin da in kika duba shafin jami'arsu babu ambaton mujallar. Lambar ISSN mai alƙaluma 8, wadda Laburaren Ƙasa ke bayarwa a Najeriya, rajista ce kawai, ba shaidar inganci ba. Fitowa a Google Scholar ma haka. Idan mujalla ta ce tana Scopus ko DOAJ, kada ki yarda da tambarin da ta liƙa, ki je jerin Scopus ɗin da kansa ki nemi ISSN ɗinta, ki kuma duba ko ba a cire ta ba, domin ana cirewa. Akwai ma masu satar sunan mujallar gaskiya su buɗe shafi mai kama da nata, saboda haka ki bi adireshin da jerin ya bayar. Sannan ki buɗe maƙalu biyu ko uku na fitowar ƙarshe ki duba ranar karɓa da ranar amincewa da akan rubuta a shafin farko. Wannan duk ya shafe ki ta fuska biyu, domin abin da kika ambata daga irin waɗannan mujallun yana raunana babinki, kuma nan gaba kaɗan za a nemi ki buga wani abu daga kundinki, a nan ne masu wasiƙar kirari za su same ki.

Kafin ki mayar wa malaminki babin, ki bi manazartarki ɗaya bayan ɗaya da tambayoyi uku: na ga wannan da idona, tana nan a inda na ce take, kuma ba a janye ta ba? Na ƙarshen ana duba shi a rumbun Retraction Watch, Zotero ma yana sa jar alama a kan maƙalar da aka janye. Ki tabbatar duk sunan da ke cikin rubutu yana cikin manazarta, duk wanda ke manazarta kuma an ambace shi a rubutu, da shekara iri ɗaya. Ranar da za ki je ofishinsa ki tafi da jadawalin nan na maƙalu tare da babin, ki nuna masa gurbin da kika gano, ki kuma tambaye shi mujallu uku ko huɗu da shi kansa yake bibiya a fannin kare amfanin gona. Waɗannan sai ki yi rajistar sanarwarsu ta imel, duk fitowa ki duba jerin abin da ke ciki, ko da minti goma ne.